Cinikin Huhun Obadiah

"Tara," in ji Silas. "In ya kai tara, mu ɗauke shi."

"Sha biyu," in ji Dakta Halimat. "Kuma Baba, ba farashin tumatir muke yi ba."

"To, goma."

"Sha biyu."

Ni ina tsakaninsu a barandar asibiti, takunkumi a hancina, ina kallon wannan ina kallon waccan. Sunana Tanimu. Tun kafin a shimfiɗa titin jirgin ƙasa nake dillancin tsofaffin injina a Idu, nan Abuja. Na sayar da injin niƙa, na sayar da janareta mai girman ɗaki, na taɓa haɗa cinikin kwantena da mai sayarwa da mai saye duk ba su san abin da ke cikinta ba. Amma ciniki a kan huhun mutum, ranar na fara.

Mai huhun shi ne Obadiah, makanikin janareta, mutumin wani ƙauye da ke bayan Pankshin, yana zaune a Karmo da iyalinsa. Shekaru da yawa ba na sayen inji sai ya kara kunnensa a jikinsa ya ce mini saya ko bari. Mura ce ta fara kama shi, irin wadda ta zaga unguwa a lokacin, kowa ya yi tari ya warke, shi kuwa ta sauka masa ƙirji. Ya yi ta taurin kai yana zuwa aiki, har ranar da na same shi zaune a ƙasa cikin sito, sifana a hannu, yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. A keke napep na kai shi asibiti. Aka ce ciwon huhu ne na ƙwayar bairos, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka sa masa robar oksijin a hanci.

Silas kuwa yayansa ne, kuma shi ne ciyaman na ƙungiyar 'yan garinsu a Abuja. Mutanen nan suna da wata al'ada. In ciwo ya yi wa nasu tsanani, ba sa jira ya cika a baƙon wuri. Sukan haɗa mota su kai shi gida da sauran numfashinsa, ya ga duwatsun garinsu, ya kwanta a ɗakin ubansa. Ba zan yi wa Silas dariya a kan wannan ba. Ƙanensu Enoch a Abuja ya rasu, ya daɗe a ɗakin sanyi kafin a gama shirin kai shi, kuma har tsohuwarsu ta bar duniya ba ta daina tambayar Silas ina yake da aka bar mata ɗa cikin ƙanƙara ba. Shi ya sa da ya ga Obadiah da roba a hanci, bai tsaya wata shawara ba. Ya kira Rilwanu direba, aka cire kujerun bayan bas, aka shimfiɗa katifa, aka faka a gindin mangwaron da ke ƙofar asibiti.

Dakta Halimat yarinya ce a idona, ba ta kai babbar 'yata ba, amma ba ta da tsoron gemu. Ita ta fito da mu baranda, ta zaro hoton daga ambulan, ta ɗaga shi saitin rana.

"Ku duba nan," ta ce. "Inda ya yi baƙi, iska na shiga. Inda ya yi fari kamar hazo, nan ciwo ya kama. Mukan raba huhu gida shida, uku a dama, uku a hagu. Kowane gida a ba shi maki. In fes yake, sifili. In ya lalace sosai, uku. Sai a haɗa. Mafi muni sha takwas ne. Na ƙanenka takwas."

Nan take na gane, don haka nake duba janareta: kai daban, koyil daban, tanki daban, sannan in haɗa a raina in san ko zai tashi.

"Takwas ɗin mai kyau ne ko mara kyau?" in ji Silas.

"Ba mai daɗi ba ne. Amma masu irin makinsa da na gani a ɗakin nan, in sun samu oksijin, yawancinsu da ƙafarsu suka fita. Waɗanda ke hana ni sukuni su ne daga sha biyu zuwa sama. Wannan ba hukuncin Allah ba ne, Baba, alama ce kawai, kamar yadda kakan kalli hadari ka ce za a yi ruwa. Abin da na tabbatar shi ne, in ka cire masa robar nan ka hau hanya da shi, ba zai kai Akwanga ba."

"In kuma ya mutu a nan fa, yarinya? Kai ne za ka faɗa wa mutanen gida?" Haka Silas yake Hausarsa, mace da namiji duk kai ne.

A nan na shiga, don na ga kowa ya kafe, kuma aikina ke nan. Na ce a sake ɗaukar hoto ranar Juma'a. In maki ya kai wani adadi, likita ta faɗi gaskiya a gaban kowa kuma kada ta tare ƙofa. In bai kai ba, Silas ya sallami bas, kada a sake jin maganar gida sai Obadiah ya je da kansa. Adadin ne suka tsaya ja a kai. Na ja Silas gefe na ce masa, "Ciyaman, in ka kafe a tara, gobe mutanen ƙauye za su ce ka ɗauko mai rai ka kashe a hanya. In ka yarda da sha biyu, ko me ya faru, likita ce ta faɗi adadi da bakinta, kai ka fita." Ya murza hularsa. Daga baya ya ce, "Sha biyun."

Likita ta ce ba ta ƙulla komai sai ta ji daga bakin mai ciwon. Muka shiga. Obadiah ya buɗe ido ya ganmu a kansa.

"Oga Tanimu," ya ce da ƙyar, "an sayar da ni ne?"

"Ana kan ciniki. Wa zai sayi tsohon janareta mai tari? Kai dai ja iska."

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya kalli yayansa, ya kalli silin. Ya ce shi ma ba ya son ɗakin sanyi, amma ya yarda a jira Juma'a. Ba a musabaha a wannan ɗakin, sai na sa Silas ya ɗora hannu a gefe ɗaya na ambulan ɗin, likita ta ɗora a ɗaya gefen. Na ce, "Ni ne dillali. Kun yarda?" Suka ce sun yarda. Na ce Allah ya sa albarka. Silas ya ce amin cikin sunan Yesu, likita ta ce amin, aka tashi.

Akwai mutum ɗaya da ba wanda ya tambaya, ita ce Justina matar Obadiah, wadda kowa ke kira Maman Gift. Gwate take sayarwa a ƙofar wata masana'anta a Idu. Tana tsugune a bakin ƙofa duk lokacin da ake maganar nan, ba ta ce uffan ba, don a wajensu matar ƙane ba ta tsallake maganar yayan miji. Da zan tafi ta biyo ni har bakin titi.

"Oga Tanimu, yaya ake rage makin nan?"

"Ba a ragewa, Maman Gift. Sai dai ya ragu da kansa."

"Ba ni so a kai shi gida. In sun kai shi, ba zai dawo ba."

"To ki yi addu'a, ki kuma ba shi abinci."

Ta gyaɗa kai, amma na ga idonta yana wani lissafin. Na san irin wannan kallon. Shi mai kaya yake yi in ya ji mai saye zai zo gobe.

Kwanakin da suka biyo baya kullum sai na leƙa bayan la'asar. Rilwanu yana gindin mangwaro yana sauraren rediyo, ya ɗora ƙafa a kan sitiyari, duk wanda ya fito daga asibiti sai Rilwanu ya tambaye shi ko an gama. Silas yana zuwa da 'yan ƙungiya bibbiyu, su yi waƙar coci a hankali a baranda su tafi. Shi kuwa mara lafiya, ni dai a idona yana ɗan dawowa. Zazzaɓi ya sauka. Nas ta rage ƙarfin oksijin ɗin. Ranar Alhamis har ya ɗaga kai ya ce janaretan asibitin nan filoginsa ɗaya ba ya ci, yana ji daga kan gado. Na ce a raina, wanda ke jin laifin inji daga nesa bai shirya tafiya ba.

Ranar Juma'a da hantsi na zo na tarar Justina ta riga ni. Tana fitowa daga bayan labule da wani ɗan kwano a rufe, tana goge hannu da gefen zani. Na ji ƙamshin man kaɗanya, na ɗauka ƙafafunsa ta shafa masa. Ba a jima ba mai ɗaukar hoto ya turo injinsa mai taya har bakin gado, tunda ba a son a raba Obadiah da oksijin. Ya zura faranti a bayansa ta saman riga, ya ce ja numfashi, riƙe, ya danna, ya tafi.

Muna baranda, ni da Silas da Justina da mutum uku na ƙungiya, likita ta fito da sabon ambulan. Tun daga tafiyarta na san akwai magana.

"Na yi alkawarin gaskiya," ta ce. "Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na kai wa abokin aikina shi ma ya ƙirga. Sha uku."

Justina ta dafa bango ta sulale ƙasa. Silas ya juya wajen ɗaya daga cikin mutanensa. "Je ka ce wa Rilwanu ya juyo da mota."

"Ban gama ba, Baba," in ji likita. "Sha uku na ƙirga, amma ban yarda da hoton nan ba. Mutumin da ke kan gado da mutumin da ke cikin hoto ba su yi kama ba. Mai sha uku ba ya cinye kwanon kunu ya nemi ƙari. Ina so in sake dubawa."

"Ka gani ko?" Silas ya ɗaga murya. "Oga Tanimu, ka gani? Da ya faɗi bakwai zai ce bai yarda ba? Mun sa hannu. Kai ne shaida."

Gaskiyarsa ce, kuma duk idanu suka dawo kaina. Likita ba ta roƙe ni ba. Ta tsaya kawai riƙe da ambulan, ta cika alkawarinta, ta bar mini sauran.

Na ce, "Ciyaman, ka taɓa sayen inji a Idu?"

"Wane irin tambaya ne wannan a yanzu?"

"A Idu, ko an gama ciniki, ko mota ta ja baya har bakin sito, ba mai ɗaga inji sai dillali ya zaga shi ya ce a ɗora. Wannan ba sabuwar doka ba ce, tambayi ƙanenka. Kun ce kun yarda ni ne dillali. To ban ce a ɗora ba."

"Wayo za ka yi mini?"

"Wayon me? Adadi naka ne, ba wanda ya taɓa shi. In kaya sun tabbata sha uku, ni zan kama maka gefen katifa. Amma sai an buɗe mini kaya na gani. Dakta, ɗaga mini hotunan nan biyu tare."

Allah ya sani ban san abin da nake nema ba. Lokaci nake saye, kamar yadda na saba in mai saye ya fara waiwayen ƙofa. Ta ɗaga tsohon da sabon a jere saitin rana. Na matso ina gyaɗa kai, ina cewa uhm, kamar mai karanta wani abu. Ni dai haƙarƙari na gani da hazo. Ita kuwa tana riƙe da su sai na ga ta daina kallona. Ta matso da sabon kusa da fuskarta, ta karkata shi, ta bi wani wuri da farce.

"Wannan farin ya wuce haƙarƙari," ta ce a hankali, da kanta take magana. "Ya fita har wajen kafaɗa. Huhu ba ya kai nan." Ta ƙara karkata shi. "Kuma ga layi-layi kamar an ja da yatsu."

Sai ta juya cikin ɗaki. Muka bi ta. Ta ce wa Obadiah ya ɗan sunkuya gaba, ta ɗage rigarsa ta baya. Sai ga wani tsumma an naɗe masa, ta warware. Bayansa duka, daga kafaɗa zuwa ƙugu, an yaɓe shi da wani farin abu mai kauri kamar sabon filasta, ya bushe har ya fara tsagewa, ga shatin yatsu huɗu a jere.

"Mene ne wannan?" in ji likita.

Obadiah ya ce, "Ni dai an ce in yi shiru."

Daga bakin ƙofa Justina ta amsa. Farar ƙasa ce ta bakin rafin garinsu, da kanwa, da man kaɗanya. Haka kakarta take yaɓa wa yara in tari ya kama su, wai yana jawo ciwon waje. Ta aika aka kawo mata a motar kasuwa. Ta ce ta bari sai safiyar hoto don ya yi aiki da ƙarfinsa, kuma ta yaɓa da kauri don makin ya ragu sosai. Ta rufe da tsumma saboda nas ta hana shafe-shafe.

Ni na fara kasa riƙe dariya, don na tuna sau nawa na ga mai inji ya kwana yana fenti, ya toshe ramin da iska ke shiga, da safe inji ya ƙi tashi a gaban mai saye.

"Maman Gift," na ce, "kin yi wa kaya fenti."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna kusa da ita ta ce, "Mama, hasken injin nan yana ratsa nama, amma ƙasa da kanwa suna tare shi. Duk inda aka tare shi, fari yake fitowa, kamar ciwo. Nufinki mai kyau ne. Sai dai nan gaba ki tambaye ni tukuna, ko da a ɓoye ne." Sannan ta miƙe ta kalli Silas. "Baba, a wanke a sake ɗauka. In ya kai sha biyu, maganarmu tana nan."

Silas ya kalli bayan ƙanensa, ya kalli matar ƙanensa da ke ɓoye fuska a zani. Ya ce, "Dillali, me ka ce?"

"Ba a taɓa ɗora inji da rigarsa ba, ciyaman. A wanke."

Justina da kanta ta kawo ruwan ɗumi ta wanke abin da ta yaɓa, tana kuka tana gogewa, Obadiah yana ce mata a hankali, fatar ba ta gwamnati ba ce. Aka sake turo injin. Wannan karon likita ta tsaya a kansa, ta sa ya zauna sosai, ta ce ya cika ƙirji iya ƙarfinsa.

Muka koma baranda muna jira. Rilwanu ya riga ya kawo bas har bakin ƙofa, ya buɗe bayanta, injin yana aiki. Na ji ana kiran sallar Juma'a daga masallacin unguwa, na ce a raina in tafi ko in tsaya, sai ga likita ta fito.

Ba ta faɗi adadi ba. Ta ɗaga hoton, ta kira Silas kusa, ta ce shi zai haɗa. Ta nuna gida na farko ta ce sifili. Na biyu, ɗaya. Na ƙasa, biyu. Ta koma ɗaya gefen. Ɗaya, ɗaya, biyu. Silas yana lanƙwasa yatsu, leɓensa na motsi.

"Bakwai," ya ce.

"Bakwai. Bai warke ba, kada ku ji ni ba daidai ba. Zai ƙara kwanaki a nan, kuma sai ya yi haƙuri da aiki. Amma ya juyo."

Silas ya tsaya da yatsunsa bakwai a lanƙwashe, kamar yana tsoron in ya sake su adadin zai canza. Daga nan ya sauka matakala a hankali, ya je ya rufe bayan bas da hannunsa. Na ji Rilwanu yana cewa, "Haba ciyaman, na cire kujeru fa!" Silas bai kula shi ba. Ya zaro waya ya kira ƙauye, ya yi magana da yarensu. Ban ji yaren ba, amma ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya ce mini cewa yake a mayar da makullin ɗakin babansu, ba mai zuwa. Da ya kashe wayar ya zauna a gindin mangwaro ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna motsi. Na bar shi, na wuce masallaci da sauri, na samu raka'a ta biyu.

Obadiah ya fita da ƙafarsa. Ya rame, wandonsa har sai da aka ƙara masa rami a bel, kuma ya daɗe bai iya ɗaga batir ba. Amma kafin ya bar asibitin sai da ya sa aka kai shi wajen janaretansu ya nuna musu filogin da ba ya ci. Da Kirsimeti ya je gida a bas ɗin ƙungiya, a kujerar gaba, ba a katifa ba.

In ana gama ciniki, dillali yakan zauna ya ga wa ya ci wa ya faɗi. Obadiah ya ci, wannan ba sai an faɗa ba. Justina ta tsira da mijinta, ta faɗi a suna, don har yau a Karmo Mai Filasta ake ce mata, kuma in ta ji sai ta ɗaga ludayi. Likita ta ci, ko da yake da na yi mata murna cewa ta yi ba ita ba ce, oksijin ne da jikin mai ciwo. Silas ya faɗi a ciniki, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗi yana godiya irin tasa ba. Yanzu in ɗan ƙungiya ya kwanta da ciwon ƙirji, kafin ya kira direba sai ya tambayi likita, nawa ne makinsa? Rilwanu ne ya faɗi da gaske, ya yi kwanaki a gindin mangwaro, ya mayar da kujeru shi kaɗai. Ni kuwa la'adata kwanon gwate ne duk ranar da na bi ta ƙofar masana'anta, kuma har yanzu ba na sayen inji sai Obadiah ya kara kunne.